Ƙyallin da ya ƙone fuskar Balkisa

Ranar da muka kai Balkisa Issawane ba ta fita kaina ba, ba na kuma jin za ta fita sai an kwantar da ni. A bazara ta biyu ne bayan annobar da ta hana mutane zuwa Hajji, shekarar da katangar gidanmu ta yamma ta faɗi, autana Laminu bai ma dawo daga Agadas ba. Ku da kuke zuwa koyon gyaran amare a hannuna, ku kife wayoyin nan ku saurara. Ni Tsahara ba na maimaita magana.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake tafiya. Da dilka ake farawa, a murje jikin amarya har dattin da ya kwanta ya tashi. Sai halawa, wato sukari da lemun tsami da aka dafa suka yi danƙo, a manna a fizge, gashi ya biyo. Sai turaren jiki, lalle ya zo a ƙarshe. Halawa tana barin fata ɗanya kamar ta jinjiri, shi ya sa nake yin ta da sauran kwanaki, fata ta huce kafin wani abu ya hau ta. Haka uwata ta yi, haka na yi tun kafin a haifi iyayen wasunku, kuma ba a taɓa dawo mini da amarya an ce ga abin da hannuna ya yi ba.

Balkisa malama ce a lakwal, wato makarantar boko, nan Tasawa, ita ta zaɓi mijinta, wani mai sayar da maganin dabbobi ɗan Issawane. Ba a sake ta daga aiki da wuri ba, sai buki ya matso ta zo hannuna, komai ya cunkushe. Halawa ta faɗo ana gobe tafiya. Na ce a yi hannu da ƙafa a bar fuska. Gwaggo Hassu, ƙanwar uban amarya, wadda bukin ke hannunta, ta yi tsalle ta dire.

"Tsahara, so kike a kai ɗiyarmu da gashi a goshi, dangin miji su ce ba ta da iyaye? A yi mata duka."

Na ce, "Hassu, fata ce hwa, ba tabarma ba."

"Ke dai yi aikinki."

Na yi. Kuma na yi shi da kyau, don ban iya ɓata aiki ba ko da an ɓata mini rai.

Da safe sai ga Samira, ƙawar amarya, wadda ta je Maradi ta yi 'yan watanni a wani salon, shagon kwalliya ke nan, ta dawo da akwati mai hawa uku. Ta shafa wannan, ta shafa wancan, ta ɗaura mata gashin ido kamar tsintsiya. Daga nan ta fito da wani ɗan gwangwani mai hoda ruwan zinariya, hailaita in ji su, tana gogawa a tudun kumatu da karan hanci da tsakar goshi. A zamaninmu in goshin mace da hancinta suna ƙyalli, cewa ake daga madafa take, a miƙa mata tsumma. Yanzu kiran mutum ake ya zo ya sa.

Na ce, "Ke yarinya, jiya aka yi wa fuskar nan halawa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Inna, sa se la mod, shi ake yayi. Wannan ba fanninki ba ne."

Ba fannina ba! Fuskar da na kwana biyu ina wahala a kanta. Na haɗiye, na fita turara kayan amarya. Da na dawo na tarar fuskar tana walƙiya kamar sabon kwanon sha, ƙawaye suna ta ɗaukar hoto. Aka lulluɓe ta, aka yi mata nasiha, muka shiga mota bayan azahar, don hanyar da nisa kuma ƙarshenta yashi ne. Ni da Gwaggo Hassu muka sa ta tsakiya. Samira da ƙawaye suna motar baya.

Kun san al'ada. Daga an lulluɓe amarya ba mai ganin fuskarta sai dangin miji sun buɗe kai. Ba ta kuma magana sai abokan ango sun sayi baki. Abu ɗaya aka yarda ta yi, kuka. In ba ta yi ba ma a ce ba ta da kunya.

Ba mu yi nisa da Tasawa ba ta fara. Rana kamar ta sauko ƙasa, motar ba iska, ga lulluɓi mai kauri. Gwaggo Hassu sai murna.

"Allah sarki ɗiyar kirki. Kun ji ko? Wa ya ce 'yan lakwal ba su da kunya? Yi kukanki, haka muka yi mu ma."

Ni kuwa ina dai saurare. Na ji kukan amare iri-iri: na kewar uwa, na tsoro, da na ƙarya wanda ake yi ana leƙen mutane ta ƙasan mayafi. Duka daga ƙirji suke fitowa. Wannan ta haƙora yake fita, tana ja kamar wadda ta taka garwashi, hannunta kuma yana cikin lulluɓi yana kai da kawo. Ga shi Balkisa ce, wadda ta wuni jiya tana dariya tana cewa ita in ta yi kuka a ci ta tara.

Na raɗa mata, "Balki, lafiya?" Shiru. Ai ba a sayi baki ba. Sai ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga.

Na ɗaga mayafin.

Gwaggo Hassu ta buga salati. "Tsahara! A kan hanya? Gaban direba?"

"Dubi nan ki bar direba."

Kumatu sun tashi sun yi jawur, goshi duk ƙuraje ƙanana kamar an watsa gero, ido ɗaya ya kusa rufewa. Zufa da hawaye sun kwaso ƙyallin sun kai shi cikin idon, ta sosa har wani wuri ya fashe. Ko'ina abin nan ya taɓa, nan ne wutar take. Na san gobe mata za su cika gida a buɗe fuskar nan, kuma tambayar farko ita ce wa ya gyara ta. Ba wanda ya san Samira a Issawane. Ni kuwa har Mayahi an san sunana.

Na ce wa direba gari na gaba ya tsaya a gidan likita. Nan rigima ta tashi.

"Motar amarya ba ta ratsewa," in ji Gwaggo Hassu. "Kafin ta taka ɗakinta ta taka gidan likita? Wane irin mugun fata ne wannan? Baki ne ya kama ta, in mun isa a yi mata tofi."

"Bakin yana cikin akwatin Samira. In ido ya tafi, tofin ne zai dawo da shi?"

Direba ya ce, "To ni wa zan bi, Hajiyoyi?"

Na ce, "Bi wadda za ta iya buɗe ƙofa ta fita mota na tafiya, don wallahi zan yi." Ya ratse.

Wata madam mai duba marasa lafiya muka tarar, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Ta duba, ta ce a kira wadda ta yi kwalliyar ta zo da kayanta. Samira ta shigo da akwatinta. Madam ta hana a goge da tsumma, ta ce gogewa yanka zai ƙara. Ita da kanta ta wanke fuskar da ruwa mai sanyi a hankali, ta ɗura wani ruwa a idon har ƙyallin ya fita, sannan ta juya gwangwanin tana karanta bayansa.

Abin da ta ce na riƙe shi, don ni kaina ne takardata. Ta ce sheƙin da ake gani wani dutse ne da aka niƙa ya yi laushi, mika sunansa, shi yawanci zama kawai yake a kan fata ba ya ɓarna. Akwai farar hoda da ke riƙe shi. Akwai mai da kaki don ya manne, su ne ke toshe ƙofofin zufa su kawo ƙuraje ga mai fuska mai maiƙo. Akwai wani kuma mai sheƙin lu'ulu'u, sunansa ya fi ƙarfin bakina, wanda in zufa ta same shi wasu ƙaiƙayi yake sa su. Amma masu yawan tada fata su ne turaren da ake zubawa a ciki, da launi, da maganin da ke hana shi lalacewa. Wata ta shafa shekara ba abin da zai same ta, wata sau ɗaya ta kumbura.

Sai ta ɗaga yatsanta, ga wani ɗan abu yana walƙiya a kai. "Wannan kuwa ba daga gwangwanin nan yake ba. Mene ne?"

Samira ta sunkuyar da kai. Ashe hodar ta kusa ƙarewa, sai ta ɗebo ƙyallin da ake sa wa farce ta haɗa, don ya zauna kuma ta fesa turaren kaya a kai.

"Na farce roba ce yankakka, bakinta kaifi ne da shi. A gefen ido kika sa? Ki kuma bi da turare?" Ta juyo gare ni. "Fatar nan an taɓa ta kwanan nan. Me aka yi mata?"

Na ce halawa, jiya.

"To ku biyu kuka haɗu. Ke kin buɗe fata, ita ta zuba wuta."

Ku biyu! Ni da yarinyar da na je sunan uwarta, a kwano ɗaya. Na waiga in ga Hassu ta faɗi wanda ya sa, sai na tarar ta fita waje wai alwala. Madam ta ba da ƙwaya da wani man shafawa, ta ce kada komai ya hau fuskar, ko hoda ko man shanu ko toka, a kuma sassauta lulluɓin iska ta shiga.

Washegari da la'asar aka yi buɗar kai. Kumburin ya sauka, ido ya buɗe, amma jan yana nan shati-shati, hanci da kumatu da goshi, daidai inda aka zana. Mata sun cika tsakar gida, har da na rugage da suka zo da ƙoren nono. Uwar ango, wata dattijuwa siririya da ake kira Dada, ta sa aka ɗaga mayafin. Mai guɗa ta fara, ta yanke a tsakiya.

Wata daga baya ta ce, "Ciwo ne da ita aka ɓoye mana?"

Dada ta daɗe tana kallo. "Wa ya gyara ta?"

Gwaggo Hassu, Allah ya yafe mata, ta nuna ni da haɓa. "Ga masu aikin nan, babba da ƙarama."

Na buɗe baki ke nan, sai muka ji murya daga kan tabarma, a dishe.

"Dada, ni ce. Samira ta gama, na duba waya na ce bai fito a hoto ba, ta ƙara ko da mene ne. Inna Tsahara kuma ta ce kada a yi halawar fuska, aka ƙi ji. Ba ciwo ba ne, likita ta gani."

Amarya ta yi magana gaban surukarta, ba a sayi baki ba! Gwaggo Hassu ta shiga gyaran ɗaurin ɗankwalinta kamar yau ta fara ɗaura shi. Dada ta kama haɓar Balkisa ta juya fuskar dama da hagu, yadda suke duba ɗan maraƙi.

"Fata ce, za ta warke. Wadda ta faɗi gaskiya a kan kanta ranar farko, na karɓa." Ta ce a ja karsanar da ta ware mata a nuna wa mutane. Mai guɗa ta ɗauko daga inda ta ajiye. Abokan ango kuwa har muka taho suna tsokanar ƙawaye, wai sun samu baki kyauta.

Fuskar ta koma daidai kafin ruwan farko, sai ɗan duhu a kumatun hagu da ya daɗe bai tafi ba. Tun daga ranar na kafa doka, kuma ku ma ita za ku bi. In lokaci ya ƙure ba na halawar fuska, ko uwar wa ta yi tsalle. Duk abin da zai hau fuskar amaryata, a kawo shi tun farkon gyara in shafa mata kaɗan a bayan kunne, ya kwana mu gani. Gwangwanin da ba rubutu a bayansa, ko warinsa ya juya, bola. Abin farce ya tsaya a farce. Sannan kafin a lulluɓe ta ina gaya mata a kunne: in wani abu ya ci ki, matsa hannuna, ni zan yi maganar. A aikin nan kowa ya iya ba da umarni, amma ranar tambaya haɓa ake nunawa, kuma mai hannu ake nunawa da ita.

Dada ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, mace ce. Direban ma na ji ya riga mu gidan gaskiya. Madam an ɗauke ta zuwa wani gari, ban san inda take ba. Balkisa tana nan Issawane tana koyarwa, da ɗiya biyu. Samira ta buɗe salon nata a bakin kasuwa, amarena da yawa ita ke yi musu fuska, kuma bayan kunne take farawa, ko da yake tana gaya wa mutane wai a Maradi ta koyo. Gwaggo Hassu ma tana raye, ƙafa ce kawai ta hana ta yawo. Ran Juma'a na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce jikarta za a aurar bayan salla, lokaci ya ɗan ƙure, ko zan yi mata duka a kwana ɗaya.