Ranar da Zuleide ta Goge Aikinta

Zuleide Paixão 'yar mai gyaran rediyo ce a unguwar Afogados ta birnin Recife. A shagon ubanta ta koyi liƙa waya da dalma tun kafin ta iya dafa wake. Da ta gama karatu sai ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera na'urar da fasinja ke ɗora wa kati a cikin bas.

Aikinta ba mai ganinsa. Zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar a dunƙule ake ajiye ta, saboda ƙarancin wuri. Idan direba ya kunna mota, wasu 'yan layukan umarni ne ke fara farkawa. Su share fili a ƙwaƙwalwar na'urar, su warware zuciyar nan a hankali kada ta taka kanta, su miƙa mata ragama, su ɓace. Zuleide ce ta rubuta su. In ta kuskure harafi ɗaya, allon zai tsaya baƙi ƙirin, babu ko saƙon da zai nuna inda aka maƙale.

Daga baya kamfanin ya durƙushe, aka sallami kowa. Mijinta ya tafi São Paulo neman aiki, ya zauna can. Ita kuma ta koma kula da kwamfutocin wani kantin magani. Amma layukanta sun riga sun shiga wata babbar manhajar kyauta da mutanen ƙasashe da yawa ke haɗa hannu suna ginawa, kuma sunanta ne a rubuce a matsayin mai kula da su. Duk Asabar sai ta jona tsoffin na'urorin a kan teburin cin abinci, ta gwada ko gyare-gyaren da wasu suka yi sun hana su tashi. Haka ta yi har furfura ta fito mata.

Ƙanenta Valdemar, direban tasi, shi ke zuwa cin abincin rana ranar Lahadi. Yakan ture wayoyi gefe ya ajiye farantinsa, ya ce, "Yaya, waɗannan ko a bola an daina ganinsu. Ke kaɗai kike musu hidima kamar tsohon miji."

Wata rana babban mai kula da manhajar, mutumin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ya rubuto cikin ladabi. Ya ce layukan sun zama kaya, suna hana sabon aiki tafiya, ya tambaya ko akwai mai amfani da su har yanzu. Zuleide ta aika tambayar zauren intanet na manhajar da kowa ke karantawa, ta zauna jira. Makonni suka wuce shiru. Can sai wani makanike daga Paraguay ya amsa, ya ce ƙungiyar direbobinsu ce ta ƙarshe da ya sani, su ma bara suka canza. Ya yi mata godiya, ya ce na'urorin ba su taɓa ƙin tashi ba.

Ita da kanta ta rubuta umarnin gogewar, ta cire sunanta, ta tura. Ta tashi ta wanke kofin kofi, ta shanya tufafi. Amsa ta dawo da kalma biyu: an karɓa.

Ranar Lahadi Valdemar ya tarar da teburin fayau, na'urorin a cikin kwali a bayan ƙofa. Ya tambaya ko korar ta suka yi.

Ta ce, "Ni na goge. Ka ci, soyayyen garin rogon yana hucewa."

Ya daɗe yana kallonta, yana jiran kuka ko faɗa, bai ga ko ɗaya ba. Ya ce tunda Asabar ɗinta ta zama tata, zai kai ta bakin teku. Ta ce to.

Ya kuwa cika alkawari. Ta zauna a kan yashin Boa Viagem da takalmanta a ƙafa, jakarta a cinya. Ya sayo mata ruwan kwakwa, ta kurɓa sau biyu ta riƙe sauran. Da rana ta yi zafi ta ce ya mayar da ita gida, tana da guga.