Ƙuri'ar da Na Hana Binta

Shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran ƙanwata Binta a Kuala Lumpur. Lokacin da take raye, in ka nufi 'yar makarantarmu da ke unguwar Cheras, a saman wani gidan abinci na Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, tun daga matattakala za ka jiyo yara suna faɗa da Hausa a kan fensir da takalmi. Makon jiya na hau benen, da ƙyar saboda gwiwa. Faɗan yana nan yadda na san shi, sai dai da Turanci ake yi yanzu, ana liƙa masa "lah" irin ta 'yan gari a ƙarshe.

Binta malamar firamare ce a Zariya kafin mijinta ya samu aikin koyarwa a nan. Ni na riga su zuwa, bayan aikin tafinta ya zagaya da ni Yamai da Khartum da Jakarta. Da iyalan 'yan Arewa suka yi yawa a garin, Musulmi da Kirista, sai aka haɗa kai aka buɗe makarantar ƙananan yara, daga 'yan shekara huɗu zuwa takwas. Kowa ya yarda da harshe biyu za a koyar, Hausa da Turanci. Rabon lokacin ne ya raba mu.

Wasu suka ce a yi rabi da rabi, safiya ta Hausa, bayan hutun tara kuma Turanci. Binta ta ce a'a. A shekaru biyun farko a yi kusan komai da Hausa, ƙirga da waƙa da tatsuniya har da tsawa, a bar wa Turanci ɗan lokaci kaɗan a rana, sannan a riƙa ƙara masa har su zo daidai a ajin ƙarshe. Hujjarta ita ce Turanci yana jiran yaro a talabijin da jirgin ƙasa da wayar uwarsa, Malay yana jiransa a kanti, Hausa kuwa ba mai ajiye masa ita a ko'ina sai mu.

Awa uku muka yi muna wannan taro, kuma da Turanci muka yi shi. Binta ce kaɗai ta lura. Ta dube ni ta ce, "Yaya, tun ɗazu kuke ta ceton Hausa, ban ji wanda ya ko gaishe ta ba." Aka yi dariya, aka ci gaba da Turanci.

Ban ga laifin iyayen ba, har yau ma. Tsoronsu shi ne yaro ya fita daga hannunmu ya je jarrabawar shiga babbar makaranta ya kasa. Amma ni ba ni da uzurin da suke da shi. Na sha wucewa ta gaban makarantar Indiyawa 'yan ƙabilar Tamil a unguwar Brickfields, na ga yara suna karatu da harshen gidansu, kuma ban ga ya hana su Malay ko Turanci ba. Duk da haka na miƙe, da furfurata da harsunana biyar, na ce rabi da rabi shi ne adalci. Maganar dattijo tana da nauyi a taronmu. Da aka ce a ɗaga hannu, nawa ya riga na kowa, Binta ta sha kaye.

A mota ta ce, "Yaya, da girmanka ka koyi harsunan nan, a ofis da otal. Ba ka taɓa wuni da ɗan shekara huɗu ba."

Na ce, "Hajiya malama, ai ba a cuci kowa ba. An raba daidai."

Ta ce, "Ka raba wa ƙosasshe da mayunwaci daidai, sannu da ƙoƙari."

Ba ta yi fushi ta bar makarantar ba. Ta karɓi safiyar da aka ba ta. Abin da ya cinye safiyar nan kuwa babu wanda ya hango shi a taro, domin tausayi ne. Yawancin malamanmu iyaye mata ne masu taimakawa. Malama za ta ce "ɗauko littafinka", ta ga yaro ya yi zuru, zuciyarta ta karye, ta maimaita masa da Turanci. Cikin wata biyu yaran suka gane cewa ba sai sun wahalar da kansu ba, su dai jira, fassara na tafe. Binta ce kawai ba ta fassarawa. Takan nuna da hannu, ta kwaikwaya, ta zo da tukunya da ludayi daga gida. Babbar dabararta kuma ita ce wurin zama. Duk yaron da aka haifa a nan, takan haɗa shi tabarma ɗaya da wanda bai daɗe da zuwa daga gida ba. Jikata Nana ta yi shekara biyu kusa da wata yarinya 'yar Gusau, har ta dawo mana da "awo" da "mi kac ce".

Shekara uku ta koyar, ciwo ya kwantar da ita. Bayanta safiyar ta yi ta tsukewa ba tare da an sake wani taro ba, har Hausa ta koma gaisuwa da waƙar ranar hutu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yau. Ba na jin za ta tuna mini da maganar mota. Na fi zaton ta leƙa aji ta tambayi wa ke zaune kusa da wa.

Abin da ya kai ni benen makon jiya shi ne an sake kiran taro. Wata matashiyar uwa ta zo da tsari a kwamfutarta, ta yi bayaninsa tiryan-tiryan a matsayin sabon abu. Tsarin Binta ne, ba ragi. Na ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Sai shugabar makarantar ta gyara zama ta ce, "Baba, na ji, na kuma yarda. Amma cikin waɗanda muka ɗauka bana babu ko ɗaya da ke yin Hausa a gida. Wa zan zaunar kusa da wa?" Iyalai ba sa zuwa daga gida kamar da, waɗanda ke nan kuma a nan suka haihu. Aka rubuta cewa taro ya amince, aka yi addu'a, aka watse.

Da na koma gida na tarar da Nana, yanzu shekararta sha shida. Na ce, "Amarya, yau na ba Gwaggo Binta ƙuri'ata." Na ba ta labarin tun daga farko da Hausa, babu kalmar da ta wuce ta. Sai ta ce mini, da Turanci, tana tuna ƙamshin turaren Gwaggo da yadda take buga ludayi a tukunya in ana surutu.

Allah ya jiƙan Binta, ya sa ta huta. A gidana Hausa ta tsaya a kan Nana, tana ji, ba ta mayarwa. Jin da take yi aikin Binta ne. Rashin mayarwar kuwa, da hannuna a ciki.