Tayoyin da Suka Kusa Raba Ni da Motata

Ko na manta da komai na zamana a Kafanchan, ba zan manta da ranar da na tarar da gadon motata yashe a ƙasa, cikin baƙin man gareji ba. Yanzu na tsufa, jikoki suna cewa Kaka ba ta fushi. Ina jin su kawai.

Motar ba irin wadda aka saba gani ba ce. Ƙaramar bas ce, amma a cikinta akwai gado, da ɗan kabad, da wurin ɗora risho. Wata baturiya mai aikin jinya ce ta zo da ita, mijina kuma shi ne direbanta shekara da shekaru, da za ta koma ƙasarsu ta bar masa. Da ita muka kama sana'ar citta. Mu shiga ƙauyukan wajen Kwoi da Kachia, mu sayi busasshiya buhu-buhu, in yamma ta yi mana mu kwana a ciki, gari ya waye mu kamo hanya. Mijina ne ya koya mini tuƙi a filin firamare, maza na tsaye suna dariya. Da Ubangiji ya ɗauke shi a farkon shekarun casa'in, abin da ya bar mini ke nan: 'ya'ya huɗu da wannan mota. Cinmu da karatun yara duk a kanta suke.

Damuwata ɗaya ce, tayoyi. Da damina citta take tsada, lokacin ne manoma suke fito da wadda suka ɓoye, lokacin ne kuma hanyoyinmu suke komawa kunu. Tayoyin motar ƙanana ne, duk sun suɗe. Ba sau ɗaya ba na kafe a laka, na tsaya ina roƙon masu wucewa su tura ni. Sai na yanke shawara zan sa waɗanda suka ɗan fi su girma, masu haƙora, irin na shiga daji. Na je na duba, na san waɗanda nake so, na san za su zauna daidai ba tare da an taɓa jikin mota ba.

Ana haka wan mijina ya zo gaisuwa. Dattijo ne a ikilisiyarmu, shi ne babba a gidansu, mutumin da ko keke bai taɓa gyarawa ba. Ya ji ina maganar da babbar 'yata, sai ya gyara zama.

"Matarmu, zancen taya ba na mata ba ne. Makanikai za su cuce ki. Kawo makulli, ni zan tsaya a kan aikin."

Na ce, "Baba, na riga na zaɓa. Kaɗan kawai za su fi na yanzu."

"Na ji. Ke dai ki huta."

Mutumin da ya yi addu'a a bakin kabarin mijina, ya yi wa yara alkawari a gaban jama'a cewa ba su yi rashin uba ba, ta yaya zan hana shi makulli? Na ba shi, na haɗa masa da abin sayen tayoyin. Babban ɗansa ya zo ya ja motar, har ina yi musu sannu da ɗawainiya.

Aikin yini ɗaya ya koma yau da gobe. In na aika, a ce ana kai. Ga masu citta suna aiko mini saƙo daga ƙauye, ga ni zaune. Da na gaji na ɗaura ɗankwali na nufi garejin da ƙafa, can bayan tashar jirgin ƙasa.

Daga nesa ban gane ta ba. Ta yi tsayi, ta buɗe ƙafafu, an jibga mata wasu tayoyi na tsohuwar motar soja da suka leƙo waje ta kowane gefe. Saman kowace taya an yanke bodi da wutar walda, bakin ƙarfen ya yi baƙi, fenti ya ƙone. Sannan na ga gadon. An fito da shi an jefar kusa da tulin tsofaffin batura, katifar ta sha mai, wani ma ya ɗora kwanon abincinsa a kai. A kan gadon nan na yi jinyar mijina a hanyarmu ta zuwa asibiti. Na leƙa ciki, babu kabad, babu komai, sai bencin ƙarfe guda biyu da aka riga aka kafa, wasu kuma suna jiran layi a waje.

Makaniken ya taso yana goge hannu. "Madam, ba laifi na ba. Oga ya kawo taya, ya ce in sa. Taya bai shiga ba, sai na yanka bodi. Bodi kuma gado yana kai, sai na cire gado."

Na ce, "To bencin fa? Shi ma taya ce ta ƙi shiga?"

Ya sunkuyar da kai. "Oga ya ce motan zai fara lodin fasinja zuwa ƙauyen su. Ɗan shi zai ja."

Sai a lokacin na fahimta. Hanyar ƙauyensu babu motar da take shiga da damina, shi ya sa aka nemo manyan tayoyi. Ba lakata ake yi wa magani ba, tasu ce. Kuma da gumina aka saya.

Dattijon yana zaune ƙarƙashin mangwaro, ko tashi bai yi ba. Na je na durƙusa na gaishe shi, don ba a koya mini akasin haka ba, na ce, "Baba, wa ya ce a mai da motata ta haya?"

Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. "Motan ƙanina ne. Ke ma mu muka kawo ki gidan nan. Mace tana yawo a daji tana kwana a mota, mutane suna magana. Duk wata za a riƙa ba ki wani abu."

Za a riƙa ba ni wani abu. Daga motata. Na ji in na buɗe baki zan faɗi abin da za a kai ni gaban dattawa a kansa, su kuwa dattawan abokansa ne. Sai na juya, na kawar da kwanon abincin nan, na zauna a kan gadona, man da komai. Akwai wata mai tuyar ƙosai a bakin garejin, 'yar zumuntar matan ikilisiyarmu ce, kuma ranar ta koyon waƙa ce. Na kira ta na ce, "Ki je ki gaya wa mata inda nake."

Ba a daɗe ba suka ɓullo ta kan layin dogo, cikin zanen zumunta iri ɗaya, da tulunan kiɗansu da kacau-kacau. Shugabarmu ta gaida dattijon da ladabi, ta ce, "Baba, mun ji gwauruwar mu tana zaune a ƙasa. Mun zo mu yi sujada tare da ita." Suka jawo bencin da aka yi don fasinja, suka jera a ƙofar gareji, suka zauna, suka ta da waƙa.

Babu motar da ta shiga, babu wadda ta fita. Masu kawo gyara suna zuwa suna juyawa. Matan Fulani masu nono suka sauke ƙoransu suna kallo, ma'aikatan reluwe suka taru a kan katanga. Dattijon ikilisiya kuwa ba shi da bakin da zai ce a daina yabon Allah. Ya tashi, ya zauna, ya cire hula, ya mayar. Abin da ya gama karya shi, matarsa ce take riƙe da babban tulu, tana dukansa fiye da kowa, ko inda yake ba ta duba ba.

Makaniken ne ya fara roƙo. "Oga, abeg, kasuwa na ya mutu yau." Can da rana ta karkata dattijon ya taso, ya ajiye makulli kusa da ni a kan katifa, ya ce shi ba ya son magana, ya tafi. Matan ba su motsa ba sai da aka kwance benci, aka mayar da gado da kabad, aka ɗaure kowane noti a gabanmu.

Tsofaffin tayoyina an riga an sayar, bodi kuma an yanke, dole na zauna da na soja. Suna shan mai, in na cika kaya suna gugar ƙarfe a kwana, ruwa yana shigowa ta inda aka yanka har ya jiƙa mini buhu. Abin haushin kuma, laka ba ta sake riƙe ni ba, kuma ban taɓa faɗa wa dattijon haka ba har ya mutu.

Washegarin ranar garejin na je yi wa matarsa godiya, na same ta tana surfe. Na ce, "Mama, kin jawo wa kanki magana a gida saboda ni." Ba ta tsayar da taɓarya ba. Ta ce, "Ba domin ke kaɗai na buga ba. Shi ma wata rana zai tafi, kuma yana da ƙanne."

A ranar na koyi cewa mai son karɓe abin gwauruwa ba ya zuwa da faɗa, da sannu yake zuwa, ya ce ki huta. Tun daga lokacin duk wanda ya ce zai tsaya mini a kan wani aiki, nakan gode masa, in ɗauki mayafina in bi shi. Kuma duk matar da ta aiko ta ce tana zaune a ƙasa, ba na tambayar wa ya yi mata. Zanen zumunta nake ɗaurawa in fita.