Akwatin Baba Yohanna

Ku matso, yau zan faɗa maku abin da ko mijina bai sani ba. Shekara biyu ina riƙe da shi. Amma ku dakata, ni Saude mai hoce, gurasar dawar nan tamu, ba a gaggauta ni. Sai kun fara sanin waye Baba Yohanna.

Mutumin Kagoro ne. Ya zo Gusau tun dutsen Kwatarkwashi yana tsakuwa. To, na ɗan ƙara, shekara talatin da ɗaya ne. Aikinsa rubuta wa mutane takarda. Cikin harabar wata ma'aikatar gwamnati yake zama, gindin dogon yaro, kusa da inda nake ajiye farantina. Teburinsa ƙafa uku da rabi ne, tafiretarsa kuwa in ta fara ƙara, wallahi ana ji daga Tsafe.

Manomin Wonaka da aka ci wa iyakar gona, mutanen 'Yankuzo masu neman rijiyar burtsatse, tsohuwar Karakkai da ba ta san ofishin da za ta shiga ba, duk gunsa suke sauka. Komfuta ta zo, ba su bar shi ba. Yana da hali ɗaya mai ban haushi. In ka gama zuba kokenka, sai ya cire tabarau ya ce, "Na ji naka. To shi wancan da kake ƙara, me zai ce in yana nan?" Ba ya taɓa tafireta sai ka amsa. Kuma kowace takarda sai ya sa kabon, ya ajiye kwafi cikin wani akwatin ƙarfe na auren matarsa Kande, don kada gobe a ce ba a rubuta ba.

Sirrin? Ina zuwa mana!

An kawo sabon darakta, da direbansa Mannir, mai cin hoce kamar ana korarsa. Ran nan yana ci ya ce, "Inna Saude, mi ke cikin akwatin tsohon can?"

Da na ce takardun rijiya ne, da shi ke nan. Amma kun san bakina, ba ya iya fitar da magana tsirara. Na rage murya na ce, "Asirin kowa na ma'aikatar nan. Wanda aka yi wa ƙarin girma ta bayan gida, wanda ya rage shekarunsa, duk yana ciki. Har na maigidanka, tun kafin ya iso." Na yi dariya. Mannir bai yi ba.

To kun ji. Ni ce.

Ranar Litinin Baba Yohanna ya iso da kekensa, Malam Mas'udu maigadi ya tare ƙofa. Mutumin da suka shekara ashirin suna raba goro ɗaya.

"Baba, an ce kada ka shiga."

"Wa ya ce?"

"Daga sama."

"Me na yi?"

"Wallahi ba a gaya min ba."

"Har zuwa yaushe?"

Mas'udu ya kalli ƙasa.

"To a ba ni a rubuce," in ji Baba. "Ko layi biyu ne."

Ba a ba shi ba. Aka fasa akwatin, aka tarar da koken iyakar gona da na rijiya, aka miƙo masa ta saman katanga tare da teburin. Na ce a raina, gobe za a ce ya dawo. Ina! Daraktan ma wata bakwai ya yi aka ɗauke shi. Wanda ya gaje shi ya ce shi bai ga takardar da ta hana kowa shiga ba, to me zai soke? Mas'udu kuma ya ce shi da baki aka ce ya hana, ba wanda ya ce ya bari, kuma yana da iyali.

Baba ya rubuta koke, a kira shi a ji nasa. Amma koke sai an kai ofishin karɓar wasiƙu an buga masa hatimi, ofishin kuma yana ciki. Ya ba masinja takardar, ta ɓata. Ya ba wani akawu, ya dawo da ita cikin aljihu, wai kada a gan shi da takardar wanda aka kora.

Yanzu yana tsallaken titi, bakin kwata, cikin rana. Ya rame har wuyan rigarsa zai ɗauki mutum biyu. Ranar ba ta dame shi kamar maganar da ta kai cocinsu ba, wai takardun gwamnati ya sata. Kande ta daina zama layin gaba. Ni kuwa kullum ina wuce shi da farantina in shige ciki, ba mai tare ni. Ina zuba masa hoce da ƙuli mai yawa, ya ce na gode, in ji kamar ya mare ni.

Shekaranjiya da azahar na hango shi jikin ɗakin maigadi da takarda a hannu. Na lallaɓa na laɓe bayan bangon. Koke na goma sha huɗu yake karanta wa Mas'udu: ba ya neman komai sai a gaya masa laifinsa, a kawo wanda ya yi ƙararsa su zauna gaba da gaba.

"Wai kai Baba, ka san ko waye?" in ji Mas'udu.

Na miƙa wuya har farantina ya bugi bango.

"Saude," in ji Baba, ko juyowa bai yi ba. "Silifas ɗinki ya leƙo tun ɗazu. Fito."

Na fito.

"Mannir ya gaya min tun makon farko," in ji Baba. "Ban sa sunanki ba, don ban ji naki ba." Ya cire tabarau, ya miƙo min takardar. "Ke ai ana barinki ki shiga. Amma zauna tukuna. Me za ki ce?"