Gaisuwar Ya Zainaba

Siddiƙa ƙanwata ce, 'yar ƙanin babana. Tun tana firamare ba a ajiye waya kusa da ita a dawo a same ta yadda aka bar ta. Ko ta cika ta da hoton kaji, ko ta ɗauki wani yana minshari. Shi ya sa da ta shiga jami'a ta zaɓi fannin haɗa bidiyon da ake sakawa a intanet, babu wanda ya yi mamaki a unguwarmu ta Lamisula. Ni dai cewa na yi madalla, rashin jin nata zai samu takardar shaida.

Wadda ta rene ta ita ce gwaggonmu, Ya Zainaba, mai haɗa turaren wuta. Da wannan sana'a ta ciyar da ita, ta kai ta makaranta. Don haka da malaminsu, Malam Yoila, ya ce kowa ya kawo ɗan gajeren bidiyo a kan wata sana'a, wanda da shi za a ba da makin ƙarshen zango, Siddiƙa ba ta je ko'ina ba. Ta kafa waya a tsakar gida, ta ce, "Ya Zainaba, ki faɗa wa mutane yadda ake haɗawa."

Ya Zainaba ta gyara lafaya, ta dubi wayar, ta yi sallama. Sannan ta shiga gaisuwa da Kanuri da Hausa. "Wushe, wushe. Lale. Yaya gida? Yaya yara? Yaya zafi? Yaya masu jiki?" Ta gaida na kusa, ta gaida na nesa, ta yi wa matafiya addu'a. Kafin ta ambaci icen sandal, sukarin da ke kan wuta ya kusa ƙonewa.

Su kuwa a aji an koya musu cewa mai kallo a waya ba shi da haƙuri. In ba ka kama shi a farko ba, ya wuce. Sai Siddiƙa ta datse gaisuwar kaf, ta fara daga inda ake zuba turare. Ya yi kyau, wallahi. Ta kawo wa gwaggo tana washe baki.

Ya Zainaba ta kalla har ƙarshe, ta miƙa mata wayar.

"Wannan abin ɗakin mutane zai shiga?"

"Har ƙuryar ɗaki ma."

"To ni za ki shigar ɗakin mutane ba sallama? Na faɗa musu kawai ina maganar sukari, kamar wadda ba ta da iyaye? Ban yarda ba. Goge."

Ni na yi dariya har da riƙe ciki, amma Siddiƙa idonta ya kawo ruwa, sai ta ba ni tausayi. In ta bar gaisuwar, bidiyo ya yi tsawo, maki ya tafi. In ta cire, ta kunyata matar da ta goya ta. Na ba ta shawara ta miƙa wa malami wanda ta datse ɗin a ɓoye. Ta harare ni ta ce, "Yaya, a intanet za a saka. Akwai ɓoye a can?"

Ta kwana biyu tana ƙunci, ko abincin kirki ba ta ci. Daga baya ta samo dabara. Ta bar muryar gwaggo tana gaisuwa tun daga sallama, amma abin da ido ke gani hannunta ne yana aiki: tana daddatsa ice, tana juya sukari, tana yayyafa turare, hayaƙi yana tashi daga kasko. Bayanin haɗin kuma ta rubuta shi a ƙasan hoton. Ya Zainaba ta saurara, ta tabbatar ba a bar masu jiki a baya ba, sannan ta ce a saka.

Malam Yoila ya ce har yanzu ya ɗan yi tsawo, ya rage mata maki kaɗan, amma ta ci. Siddiƙa ta dawo gida a keke tana ihu tun daga bakin layi. Gwaggo ba ta ko tambayi maki ba.

"An amsa?" ta ce.

"Me?"

"Gaisuwata."

Siddiƙa ta buɗe wayar ta duba ƙasan bidiyon. Mutane ne jere, 'yan Barno da ke Legas, da Fatakwal, da Jidda. "Wa alaikumus salam." "Kalewa, Ya Zainaba, lafiya lau." Wata mata ta rubuta cewa rabonta da a gaishe ta haka tun rasuwar mahaifiyarta.

Ya Zainaba ta goge ido da bakin lafaya. Sannan ta jawo tabarma ta nuna wa Siddiƙa gefenta.

"Zauna. Fara da wannan baiwar Allah. Ki tambaye ta yaya yara."