Sumar da ta toho lokacin yajin aiki

A lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta Sokode, doka ce kowace yarinya ta yi aski ƙasa-ƙasa. Ran Litinin malaminmu, da muke kira mushe, yakan bi layi yana soka biro a kan kowa. In biron ya maƙale a suma, sai gida.

Darasin Ingilishi na ƙarshe da muka yi kan gashi ne. Mushe ya ce mu mun haɗa na mutum da na kaza a suna ɗaya, Turawa kuwa sun raba. Ya cika rabin allo, ya ce gobe a ƙarasa. Washegari aka tashi ana ƙona tayoyi a babbar hanya, aka shiga yajin aiki, aka rufe lakwal.

Da unguwarmu Kpangalam ta ƙi lafawa, Baba ya sa ni a babbar motarsa mai zuwa Sinkase, ya sauke ni Dapaong wurin ƙanwarsa, Gwaggo, mai kitso a bakin kasuwa.

Can sumata ta fara tohowa. Kullum da safe sai in auna da yatsa: gaɓa ɗaya, gaɓa biyu. Zama ya gagare ni. In na ji rediyon mai shayi sai in laɓe a bayan tebur, ko za a ce a koma. In dawo in buɗe littafina, in karanta rabin darasin nan, in rufe, in sake fita.

"Ke 'yar nan, zo," in ji Gwaggo. "Gidan makitsiya, kai kamar sheƙar tsuntsu? Korar mini mutane za ki yi?"

"Gwaggo, za a buɗe lakwal."

"Wa zai buɗe? Soja ko masu jifa?"

Matar da ake wa kitso ta ce, "Bar ta, madam ce, Turanci ne abincinta." Aka kwashe da dariya.

Na lura da 'yan mata ukun da ke zaune gefen Gwaggo suna miƙa mata kibiya da man kai. Dukansu sun taɓa zuwa lakwal. Daga kitson farko babu wadda ta koma.

Wata Alhamis Gwaggo ta ce, "Gobe zan yi miki shuku, ko kina kuka."

Na ɗauki bokiti kamar zan je famfo, na wuce kasuwar shanu, wurin wanzamin da ke yi wa makiyaya aski. Na tsaya a gabansa.

"Yarinya, aike ne?"

Na zare ɗankwali. "Irin na lakwal, Baba."

"Ai lakwal a rufe take."

"Na sani." Na zauna a kan dutsen da yake zaunar da masu aski.

Da na koma, Gwaggo ta daɗe tana kallon kaina, kibiya a hannu.

"Asarar suma mai kyau," ta ce. Sannan ta juya ga 'yan matan. "Kada wadda ta ƙara kiranta ta zo ta riƙe kan wadda ake wa kitso. In an buɗe, ubanta ya zo ya ɗauki abarsa."