Kayan Ɗakin Da Suka Riga Ni Isa Kano

Ina hawa na uku a kasuwar Baima, mayafi a hannuna ina duba ɗinkin bakinsa, wayar yayanmu ta shigo daga Kano. La'asar ta yi a Guangzhou, su kuma hantsi ne. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Auta ta rasu. Motarsu ta faɗi a hanyar Zariya, za a kai ta bayan azahar."

Mai shagon yana ta danna min farashi a kalkuleta. Na ninke masa mayafinsa na fita.

Saura wata ɗaya bikinta. Ni ce babbar yayarta mace, ni na ɗauki nauyin kayan ɗaki. Labule, zannuwan gado, shimfiɗu, ɗauri huɗu. Kwana biyu kafin wannan waya na kai su wurin mai kargo, wani ɗan Maraɗi da ke unguwar Sanyuanli. Da hannuna na rubuta a jikin kowane ɗauri: kayan amarya, sannan kwatancen gidan Innarmu.

Abu biyu nake nema a ranar: in tafi gida, kuma kada kayan nan su shiga gidan makoki. Na farkon ban samu ba. Shekarar wasannin Olamfik ce, biza ta yi tsauri, fasfona yana hannun ejan da ke nema min ƙarin kwanaki. Ya ce gobe. Goben ta zo, ya sake cewa gobe.

Autar tamu wasan kwaikwayo take karanta a jami'a, aikinta na kammalawa a kan wasannin Girkawan da ne. Ranar da aka ratsa Guangzhou da wutar wasannin an rufe hanyoyi, na wuni a masauki, na kira ta ina mita.

Ta ce, "Yaya, daga Girka aka kunno ta fa. Ki gaishe min da ita."

Na ce, "Ta hana ni kasuwa, kina cewa in gaishe ta?"

Sai ta hau yi min karatu. Wai a wasanninsu da irin wutar nan ake raka amarya, da ita kuma ake raka gawa. Mata ne ke yi wa duka biyun wanka, su lulluɓe su, a ɗauke su daga gidan uba zuwa inda ba su sani ba. Budurwar da ta mutu kafin aure kuwa kayan amarya ake sa mata, a ce kabari ne ɗakin mijinta.

Ta ce, "Maza suna ta dogon jawabi, ita fuskarta a rufe. Mu ma ba kuka ake yi ranar kai amarya ba?"

"Ke, rufe min baki. Ana shirin biki kina kiran mutuwa? Katina na ƙarewa, faɗa min kalar labule."

Ta yi dariya. "Hajiya 'yar kasuwa. To, ruwan zuma."

Ban ce maganarta ce ta jawo komai ba, kwananta ne ya ƙare. Abin da ke ci min rai shi ne ta so ta gaya min wani abu game da aurenta, wanda ita ta zaɓi mijin da kanta, ni kuma na katse ta. Wankan da na shirya yi mata na amarci ban yi ba, na ƙarshen ma wasu matan ne suka yi.

Kwana uku ina zarya wurin mai kargo. Ya ce, "Hajiya, wallahi kaya sun shiga filin jirgin Baiyun. Saboda wasannin nan, abin da ya shiga ba mai taɓa shi." Ya haɗa ni da 'yar Sin ɗin da ke riƙe masa takardu, ta duba kwamfuta ta ce "mei-yo", wato babu. Na ce to a riƙe su in sun sauka Kano. Ya kira wakilinsa a gabana, aka ce an ji. Na so in gaya wa yayanmu ya tare su, amma yana kan tabarma yana karɓar gaisuwa, na ji nauyin yi masa zancen labule. Wannan kuskurena ne.

Ranar kwana shida da rasuwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Direban bai san komai ba, rubutuna kawai ya karanta. Ya ga mata cike da tsakar gida, ya yi sallama da fara'a ya ce, "Ina uwar amarya? A fito da tukuici!" Matar yayanmu ce ta ba ni labari. Ta ce Inna ta tashi da kanta, ta yi masa sannu da hanya, ta nuna masa ɗakin auta.

Ni sai ranar kwana goma sha ɗaya na iso. Na ce wa Inna a ba wata marainiya mai shirin aure kayan, ladan ya kai wa auta. Ta ce, "A bari tukuna." Bayan arba'in na sake tayar da maganar, ta sake cewa haka. Ɗauri huɗun suna nan a ɗakin, har yau ba mu kwance ko ɗaya ba.